Rana, Nono Da Ƙwayar Gado: Yadda Ƙashin Yaro Ke Yin Ƙwari

An shirya wannan bayani ne domin iyaye da masu jinya, musamman waɗanda ke zuwa mana daga ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ƙauyukan da ke kewaye da su. Idan ba ku sami damar karanta shi a layin ganin likita ba, ku tafi da shi gida, a karanta wa waɗanda ba su yi karatun boko ba.

Da wuya a sami wanda bai taɓa ganin yaron da ƙafafunsa suka lanƙwashe ba, ko dai suka buɗe kamar baka, ko kuma gwiwoyin suka haɗe ya zama gwame. Wasu kan ce goyo ne ya yi masa yawa. Wasu su ce an tsayar da shi tun bai isa ba. Wasu kuma su ce gado ne, haka kakansa yake, babu abin yi. A gaskiya, da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da ciwon laushin ƙashi, wanda likitoci ke kira riket. Ciwo ne da ake iya hana shi, kuma ana warkewa idan an zo da wuri. Domin ku fahimci dalilinsa, za mu yi muku bayani a kan wata ƙwayar gado guda ɗaya da ke jikin kowane ɗan Adam, wadda ake kira VDR, da irin aikin da take yi.

Mece ce ƙwayar gado?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai kimanin tiriliyan 30. A tsakiyar da yawa daga cikinsu akwai wani ɗan ɗaki da ake kira cibiya, kuma a cikin wannan ɗaki ne aka ajiye rubutaccen tsarin jiki gaba ɗaya, wato abin da masana ke kira DNA.

Ku ɗauki wannan tsari kamar babban kundi mai juzu'i 46. Guda 23 daga wajen uwa suka zo, 23 daga wajen uba. Kowane juzu'i sunansa kuromosom. A cikin kundin akwai umurni kusan 20,000, kowane ɗaya yana bayanin yadda za a ƙera wani abu da jiki ke bukata. Kowane umurni shi ne ƙwayar gado. Ita VDR tana cikin kuromosom na 12, kuma kowane mutum yana da kwafi biyu nata, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

'Yan aike da masu karɓar saƙo

Sassan jiki suna aika wa juna saƙo ta cikin jini. Sinadaran da ke ɗaukar wannan saƙo su ake kira homon. Amma saƙo ba ya da amfani sai akwai wanda zai karɓa ya yi aiki da shi. Idan ɗan aike ya iso gari da takarda, ya tarar babu wanda ya iya karanta ta, to tafiyarsa ta zama banza. Saboda haka kowane homon yana da nasa makarɓi.

Wasu makarɓan a bakin ƙofa suke tsayawa, wato a bayan ƙwayar halitta. Wasu kuwa a can cikin cibiya suke aiki, a jikin kundin kansa. Irin waɗannan na cikin cibiya guda 48 ne a jikin ɗan Adam, kuma dangin juna ne. A cikinsu akwai mai karɓar homon ɗin da ke fitowa daga maƙogwaro, wanda ƙarancinsa ke da alaƙa da maƙoƙo. Akwai masu karɓar homon ɗin balaga na maza da na mata. Akwai wanda magunguna irin su dexamethasone ke aiki ta kansa. Sai kuma mai karɓar bitamin D, wanda ƙwayar gado ta VDR ke ƙerawa. Abin da ya bambanta wannan dangi da sauran shi ne, da zarar saƙo ya iso, da kansu suke buɗe wasu shafukan kundin a yi aiki da su, su rufe wasu.

Tafiyar bitamin D daga fata zuwa hanji

Duk da sunansa, bitamin D ya fi kama da homon, domin jiki na iya haɗa shi da kansa. Tafiyarsa zango uku ce.

Zango na farko a fata yake. Akwai wani sinadari mai kama da kitse a cikin fata, wanda idan hasken rana ya taɓa shi sai ya rikiɗe ya zama bitamin D. Ana kuma samun kaɗan a abinci, kamar kifi mai maiƙo, gwaiduwar ƙwai da hanta.

Zango na biyu a hanta yake. Nan ake sauya shi zuwa nau'in da ke yawo a jini. Wannan nau'i ne muke aunawa idan muka ɗebi jini domin gwajin bitamin D.

Zango na uku a ƙoda yake. Ƙoda ce ke yi masa sauyi na ƙarshe ya zama mai ƙarfi, wato ainihin saƙon da makarɓi ke jira. Wannan ya sa masu ciwon ƙoda ko ciwon hanta mai tsanani kan sami matsalar ƙashi, ko da kuwa kullum suna cikin rana.

Aikin da VDR ke yi

Idan bitamin D mai ƙarfi ya shiga ƙwayar halitta, sai ya maƙale a jikin makarɓinsa. Shi kuma makarɓin sai ya haɗa kai da wani ɗan'uwansa mai suna RXR, su biyun su zauna a kan wasu wurare na musamman a jikin DNA, su ba da umurni a fara aiki. Abin da zai biyo baya ya danganta da sashen jikin da abin ya faru.

A hanji, nan ne babban aikin yake. VDR na sa a ƙera ƙananan ƙofofi da 'yan dako waɗanda ke jawo sinadarin kalsiyam daga abinci su shigar da shi jini. Idan babu bitamin D, hanji ba ya ɗaukar fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke cikin abinci, sauran sai ya bi bayan gida. Idan akwai shi isasshe, yakan ɗauki kashi 30 zuwa 40. Haka kuma yana taimakawa wajen ɗaukar fosfet, abokin tafiyar kalsiyam a ginin ƙashi.

A ƙoda, VDR na taimakawa a tsare kalsiyam kada ya zube a fitsari. Yana kuma kunna wata ƙwayar gado da ke rusa rarar bitamin D, domin kada ya yi wa jiki yawa.

A wuya, bayan maƙogwaro, akwai wasu ƙananan ƙulluwa guda huɗu da ba su wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Idan kalsiyam ya ragu a jini, sai su saki wani homon da ke kwaso shi daga ƙashi. VDR ne ke taka musu birki idan bukata ta biya.

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, kuma a jikin babban mutum ya kai kimanin kilo 1. Ɗan ragowar da ke jini kuwa, da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiyoyi da tsoka ke aiki. Saboda haka jiki ba ya yarda ya ragu a jini. Gara ya ci bashi daga ƙashi. Babban mutum na iya jure wannan bashi na wani lokaci. Yaro mai tasowa ba zai iya ba, domin a ƙarshen kowane dogon ƙashinsa akwai guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma wannan guringuntsi ba ya zama ƙashi sai kalsiyam da fosfet sun zauna a cikinsa. Idan ba su samu ba, sai wurin ya yi faɗi ya kumbura, ƙashin ya kasance da laushi kamar tubalin da bai bushe ba. Da yaro ya fara tsayuwa, sai nauyin jikinsa ya lanƙwasa shi.

Yadda aka gano wannan

Ciwon riket tsohon ciwo ne. Wani likita a Ingila mai suna Francis Glisson ya rubuta littafi a kansa tun 1650. A 1919 wani likitan yara a birnin Balin na Jamus, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara ta hanyar haska musu wata fitila mai irin hasken rana. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya nuna cewa akwai wani sinadari na dabam a man hantar kifi mai maganin ciwon, wanda aka sa wa suna bitamin D. Makarɓin kansa sai a 1969 Mark Haussler da Anthony Norman suka gano shi a hanjin kaji, kuma a 1988 aka karanta ƙwayar gadonsa ta ɗan Adam.

Hanyoyi uku da ƙashi ke rasa ƙwari

Daga bayanin da ya gabata za ku ga abu uku ake bukata: kayan gini, wato kalsiyam, saƙo, wato bitamin D, da mai karɓar saƙo, wato VDR. Duk wanda aka rasa a cikinsu, sakamakon ɗaya ne, amma maganin ya bambanta.

A ƙasashen sanyi, da wuraren da mutane ba su cika fita rana ba, saƙon ne ke yin ƙaranci. A nan ƙasarmu kuwa, inda rana ke fitowa duk shekara, likitoci sun daɗe suna mamakin yadda ake samun yara masu riket. Amsar ta fito ne daga Jos.

Abin da binciken Jos ya nuna

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa, cikinsu har da Philip Fischer da John Pettifor na Afirka ta Kudu, sun yi bincike a kan yara 123 masu riket, aka buga sakamakon a 1999. Sun tarar cewa kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, abin da bai kai rabin bukatarsu ba. Sai suka raba su gida uku. An yi wa wasu allurar bitamin D kaɗai, an ba wasu kalsiyam kaɗai, an haɗa wa wasu duka biyun. Bayan mako 24, kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka sha kalsiyam sun kai matakin warkewar da aka gindaya, na waɗanda aka haɗa wa biyun kashi 58, amma na masu bitamin D kaɗai kashi 19 kacal. Wato ɗan aike yana isowa, mai karɓa yana nan, kayan gini ne babu.

Sai dai akwai wani abin lura. Yaran unguwa masu lafiya da aka gwada tare da su, su ma kalsiyam ɗin abincinsu bai fi na marasa lafiyar ba. To me ya sa ciwon ya kama wasu ya bar wasu? Wannan tambaya ce ta sa masu binciken suka duba ƙwayar gado ta VDR. A sakamakon da suka fitar a shekarar 2000, sun ga cewa wani ɗan bambanci a rubutun ƙwayar, wanda ake samu a tsakanin mutane lafiyayyu, ya fi yawa a cikin yara masu riket. Bambancin ba ciwo ba ne, kuma shi kaɗai ba ya sa riket. Abin da ya nuna shi ne, yara ba ɗaya suke ba wajen jure ƙarancin kalsiyam. Wannan na daga cikin dalilan da kan sa a gida ɗaya, tukunya ɗaya, wani yaro ya lanƙwashe, ɗan'uwansa ya miƙe. Masu cewa gado ne suna da ɗan gaskiyarsu, amma kuskure ne a ce babu abin yi. Ba a iya sauya ƙwayar gado, amma ana iya sauya abin da ke cikin kwano.

Binciken da aka ci gaba da yi a Jos ya ƙara nuna abu biyu. Na farko, idan aka haɗa bitamin D da kalsiyam, warkewar ta fi tabbata, domin ƙarancin kalsiyam na sa jiki ya ƙone bitamin D ɗinsa da sauri. Na biyu, garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa ya yi aiki wajen warkar da yara.

Me ya sa wannan ya shafi Batsari da Safana?

Abincinmu na yau da kullum gero ne da dawa da masara da rogo. Suna ƙosarwa, suna ba da ƙarfi, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Bugu da ƙari, a cikin dusar hatsi akwai wani sinadari da ke kama kalsiyam ya hana hanji ɗaukarsa. Abin da ya daɗe yana cike wannan giɓi a wannan yanki shi ne nono. Makiyayan da ke zaune a gefen dajin Rugu da manoman garuruwa sun daɗe suna cuɗanya, ana dama fura da nono mai kauri a kusan kowane gida.

Satar shanu da hare-haren da suka addabi yankin, musamman daga 2019, sun raba iyalai da yawa da dabbobinsu da gonakinsu, wasu suka koma zaman gudun hijira a garin Batsari ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina. Gidan da ya rasa saniya da akuya, ya koma kunu zalla da tuwo, yaransa na cikin haɗarin wannan ciwo ko da cikinsu na cika. Yaron da aka yaye aka ɗora a kan kunun da babu nono ko kifi a ciki, shi ya fi kowa shiga haɗari, musamman tsakanin shekara 1 zuwa 5.

Har ila yau, ba kowa ne ke samun rana ba don kawai tana fitowa. Matar da ke yini a cikin ɗaki, da mai jego da ke zaman arba'in a ɗaka, da tsoho ko majinyacin da ba ya fita, duk suna iya rasa bitamin D. Baƙar fata kuma ta fi farar fata bukatar daɗewa a rana kafin ta haɗa adadi ɗaya. Jariri da ajiyar uwarsa yake zuwa duniya, kuma nonon uwa, duk da ya fi kowane abinci amfani ga jariri, bitamin D ɗinsa kaɗan ne.

Ga 'ya'ya mata akwai wata illa da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Riket na iya matse ƙashin ƙugu. Yarinyar da ta taso da matsattsen ƙugu na iya fuskantar doguwar naƙuda idan ta girma, kuma doguwar naƙuda ce babbar hanyar yoyon fitsari, irin wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari. Akwai wasu dalilan na doguwar naƙuda, amma wannan yana cikin waɗanda ake iya tarewa tun yarinya na ƙarama.

Idan makarɓin ne ya lalace

Hanya ta uku ba ta da yawa ko kaɗan, amma ya kamata a san ta. Wani lokaci akan haifi yaro da kwafin VDR guda biyu duka a lalace. An fara bayyana wannan ciwo a 1978, kuma a 1988 aka gano ainihin kuskuren rubutun da ke jawo shi a wasu iyalai. Irin wannan yaro jikinsa cike yake da bitamin D mai ƙarfi, amma babu mai karɓar saƙon. Riket ɗinsa kan fara da wuri, tun cikin shekarar farko ko ta biyu, ya yi tsanani, kuma maganin da aka saba bayarwa ba ya yi masa aiki.

Yadda ake gadonsa daidai yake da na sikila. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu na ɗauke da lalataccen kwafi ɗaya. A kowane ciki, akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya haɗa biyun. Shi ya sa aka fi ganinsa a iyalan da auren zumunci ya yi yawa. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba kuma na uba ba ne shi kaɗai.

Wata alama da kan zo da shi ita ce zubewar gashi. Da yawa daga cikin waɗannan yara gashin kansu kan zube tun suna jarirai, wani lokaci har gira, ba ya sake fitowa, domin VDR na da hannu a sabunta tsiron gashi. Wannan ya bambanta da makero, wanda ke cin kai wuri-wuri kuma yana jin magani. Ana yi wa waɗannan yara magani da kalsiyam mai yawa, wani lokaci ta jijiya na tsawon watanni, a ƙarƙashin kulawar likitan yara. Ƙashinsu kan warke, duk da gashin ba ya dawowa.

Alamomin da za ku lura da su

1. Kumburin wuyan hannu ko idon sawu, ba tare da zafi ko rauni ba.
2. Ƙulluwa a jere a gaban haƙarƙari, kamar an jera duwatsun wuya a ƙarƙashin fata.
3. Ƙafa ta yi baka ko gwame, ko duka biyun su karkace gefe ɗaya.
4. Jinkirin zama, rarrafe ko tafiya, ko yaron da ya fara tafiya ya daina.
5. Kukan ciwon ƙafa, saurin gajiya, da yawan faɗuwa.
6. Maɗiga ta ƙi rufewa bayan shekara 2, ko goshi ya turo gaba.
7. Jinkirin fitowar haƙora, da rashin tsawo daidai da sa'o'insa.
8. A jarirai, jijjiga ko sandarewar hannu da ƙafa ba tare da zazzaɓi ba. Wannan na gaggawa ne, a kai asibiti nan take.

A manya, musamman mata masu ciki da masu shayarwa, ciwon kan zo da ciwon ƙugu da baya da cinyoyi, da wahalar tashi daga zaune, da tafiya ana rangaji.

A lura: ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ciwo ba. Yawancin yara ƙafarsu kan ɗan yi baka kafin shekara 2, ta ɗan yi gwame a wajen shekara 3 zuwa 4, sannan ta miƙe da kanta a wajen shekara 7. Abin damuwa shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa, ko ta ƙafa ɗaya, ko wadda ta zo da sauran alamomin da muka lissafa. Haka nan riket ba shan inna ba ne. Shan inna na shanye ƙafa ta zama sako-sako, riket kuwa ƙashi yake lanƙwasawa.

Abin da za a yi muku a asibiti

Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku. Idan akwai bukata za a turo ku nan. Likita zai tambaye ku abin da yaron ke ci, ya duba shi, ya sa a ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, a kuma gwada jini. Ku gaya masa idan akwai wani mai irin ciwon a dangi, da kuma idan yaron na shan maganin farfaɗiya, domin wasu daga cikin waɗannan magunguna na rage bitamin D. Kada ku tsayar da maganin farfaɗiya da kanku.

Ƙa'idar da masana na duniya suka amince da ita a 2016 ita ce a haɗa bitamin D da kalsiyam, aƙalla miligiram 500 na kalsiyam a rana, na tsawon mako 12 ko fiye. Wasu yaran kan bukaci wata 6. Ciwon ƙafa kan lafa cikin 'yan makonni, amma wannan ba ya nufin an warke. Ku ƙarasa maganin, ku dawo ranar da aka ba ku. Miƙewar ƙafa a hankali take zuwa, tana iya ɗaukar shekara 1 zuwa 2, kuma ƙaramin yaro ya fi saurin miƙewa. Tiyata sai ga wanda lanƙwasarsa ta yi yawa kuma ta ƙi gyaruwa bayan ƙashi ya warke. Ɗauri da karare, tsaga ko lalas ba sa ƙara wa ƙashi kalsiyam, sai dai su jawo gyambo.

Rigakafi a gida

Yaron da ya wuce shekara 1 yana bukatar fiye da miligiram 500 na kalsiyam a rana. Ƙasa da 300 haɗari ne. Kofi ɗaya na madarar shanu ko ta akuya, mai cin rubu'in lita, yana da kimanin miligiram 300. Ga abin da za ku iya yi:

1. Nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.
2. Idan kuna da akuya mai shayarwa, ku tatsa wa yara. A tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo da ita. Nonon da aka tsinka da ruwa sosai amfaninsa ya ragu.
3. Ku daka busasshen ƙaramin kifi har da ƙaya da kai ya yi laushi, a riƙa zuba cokali a kunu ko miyar yaro.
4. Kuka, zogale da riɗi suna da kalsiyam. A yawaita su, a kaɗa miyar yara da kauri.
5. Jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, na rage sinadarin da ke kama kalsiyam.
6. Kanwa ba kalsiyam ba ce, ba ta ƙara ƙwarin ƙashi.
7. A bar yara su yi wasa a waje. Mata su riƙa zama a tsakar gida na ɗan lokaci da hantsi, rana ta taɓa hannuwa da ƙafafu. Hasken da ya ratso gilashi ko tufa mai kauri ba ya aiki. Jaririn da bai kai wata 6 ba kada a shanya shi a rana mai zafi.
8. Ƙa'idar 2016 ta ba da shawarar ɗigon bitamin D ga jarirai, ma'aunin IU 400 a rana har shekara 1, da IU 600 ga mai ciki. Ku tambaya a wajen awo ko rigakafi.

Gargaɗi

Bitamin D ba alewa ba ne. Idan ya yi yawa yakan tara kalsiyam a jini, ya jawo amai, ƙishirwa, yawan fitsari, tsakuwar ƙoda, har da lalacewar ƙoda. Kada a yi wa yaro allurarsa a kemis ba tare da takardar likita ba.

Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki, suna aiki ne ta kan wani ɗan'uwan VDR, kuma aikinsu kishiyar nasa ne: suna rage ɗaukar kalsiyam a hanji, su cinye ƙashi, su tsayar da girman yaro. A guje su.

Za ku kuma iya jin ana cewa bitamin D na maganin tarin fuka. Gaskiya ne akwai VDR a cikin sojojin jini, kuma wani bincike na 2006 ya nuna yana sa su ƙera wani sinadari mai kashe ƙwayar tarin. Amma babban gwajin da aka yi wa 'yan makaranta sama da 8,000 a ƙasar Mongoliya, wanda aka buga a 2020, ya nuna ba su bitamin D bai hana su kamuwa ba. Mai tarin fuka ya sha maganinsa na wata 6 har ƙarshe, kyauta ake bayarwa.

Daga ƙarshe, ku duba wuyan hannun yaranku da ƙafafunsu yau ɗin nan, har da na maƙwabta da na 'yan gudun hijirar da kuka saukar. Idan kun ga alama, kada ku jira ya girma ya miƙe da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma tun yana ɗanye ake miƙar da shi. Sashen kula da yara a buɗe yake, kuma duk tambayar da kuke da ita a kan wannan bayani, ku yi wa likita ko nas ɗin da ke duba ku.